Gasar Wasanni Tsakanin Makarantu

Kowane mutumin Musawa ya san yadda ake yi in kaka ta yi. Sa'ad da aka gama yankan dawa, aka kai auduga kasuwa, sai samari su fita dandali. 'Yan kokawan wannan gari su tafi wancan, mahauta su ɗaure hannu su yi dambe, yara kuwa su yi ta langa a farin wata. Wanda ya ka da abokin karawarsa, sunan garinsu ya ɗaukaka. To, makarantu ma suna da irin wannan al'ada, sai dai tasu tana da littafi, da ma'auni, da ranar da aka yanke. Ita za mu bayyana a nan, domin uba ya gane abin da ɗansa ke nufi in ya komo gida ya ce an zaɓe shi ya tafi gasa.

Inda abin ya faro

A ƙasar Hausa tushen abin yana birnin Katsina. Ran 5 ga watan Maris 1922 Gwamna Clifford ya buɗe Kwalejin Katsina, domin a koyar da waɗanda za su zama malaman makaranta. Aka tattaro yara daga Sakkwato da Kano da Zazzau da Bauci da Barno, har da Ilori. Aka raba su gida gida, kowane gida da shugabansa. In an tashi daga karatu, da la'asar sai a fita fili, wannan gida ya kara da wancan. Suna yin kurket, da ƙwallon gora, da guje-guje, da wani wasa wai shi fayis.

Kowane ɗalibi ya gama, sai a tura shi lardinsu ya koyar, ya tafi da karatu a ka, da wasa a hannu. Ta haka wasannin nan suka bazu cikin makarantun larduna, waɗanda aka mai da su makarantun Midil wajen 1930. Ita kuwa Kwalejin an ɗauke ta zuwa Kaduna a 1938, sa'an nan zuwa Zariya a 1949, ita ce ake kira Barewa yanzu. Tsohon gininta na ƙasa yana nan a Katsina, an mai da shi gidan tarihi.

Wasan da ba shi da alƙali

Shi fayis daga wata makaranta ta Ingila ya fito, sunanta Eton. Ɗaki ne ake ginawa mai bango uku, ba rufi, ba bangon baya. Mutum huɗu ke shiga, biyu biyu, suna bugun ƙwallo da tafin hannu ta bugi bango ta komo. Wanda ya kasa mai da ita, an ci shi. A Ingila ƙwallon ƙarama ce mai tauri, amma mutanenmu suka ɗauki ƙwallon tanis, wadda ta fi saukin samu.

Abin mamaki ga wannan wasa shi ne, bisa ga asalinsa ba a sa masa alƙali. In ƙwallo ta faɗi sau biyu kafin ka buge ta, kai da bakinka za ka faɗa, ko da ba wanda ya gani. Watau yaro yana koyon gaskiya a wurin da ƙarya za ta ba shi riba. Ahmadu Bello, wanda ya zama Sardaunan Sakkwato, ya yi karatu a Kwalejin daga 1926 zuwa 1931, ya kuwa ƙware ga fayis, bai bar shi ba har ya zama Firimiya. Don tunawa da shi aka sa wa babban kofin fayis na Arewa suna Kofin Sardauna.

Garkuwar Hussey

Da fari kowace makaranta a cikin gidanta take wasa. Ranar da jama'a ke taruwa kallo ita ce Ranar Daular Ingila, 24 ga watan Mayu, wadda aka daina bikinta bayan samun mulkin kai. A 1929 aka haɗa sashen ilmi na Arewa da na Kudu a hannun Bature guda, Mista Hussey. A 1933 aka sa wata garkuwa mai sunansa, 'yan makarantun Arewa su kara da na Kudu wajen gudu da tsalle. A wannan shekara kuma makarantun Yamma suka fara neman nasu kofi, Kofin Grier.

Ku duba girman wannan al'amari. A zamanin nan yaron Katsina yakan girma bai taɓa zama da yaron Ikko ba. Ga su yau sun durƙusa a kan layi ɗaya, suna jiran busa ɗaya, doka ɗaya ta hau kansu. Daga irin filayen makarantu ne aka sami Emmanuel Ifeajuna, wanda ya yi karatu a Anaca. A 1954, a birnin Vancouver na ƙasar Kanada, ya tsallake ƙafa 6 da inci 8, ya ciwo wa Nijeriya lambar zinariya.

Yadda ake shirya gasa

Gasa tsani ce, hawa hawa. Ana farawa tsakanin gidajen makaranta ɗaya, galibi da rani, sa'ad da aikin gona ya yi sauƙi. Waɗanda suka yi fice su tsaya wa makarantarsu gaban makarantun shiyya, kamar a ce na Musawa da na Malumfashi da na maƙwabtansu. Daga shiyya sai jiha, daga jiha sai ƙasa duka. Tun 1976 akwai ƙungiya ta ƙasa mai lura da wasannin makarantu.

Dā da yadi ake awo, yanzu da mita. Kewayen fili mita 400 ne. Kowane wasa ana ba na ɗaya da na biyu da na uku maki, a rubuta, ran ƙarshe a tara. Saboda haka gwani ɗaya ba ya ciwo kofi shi kaɗai. Akwai ma gudun da yara huɗu ke yi suna miƙa wa juna sanda, in ɗaya ya yar, duka sun yi hasara. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Abin da ke kan uba

Abu biyu ke ɓata gasa. Na fari, sojan gona, watau a rage wa ƙato shekaru, ko a ɗauko wanda ba ɗan makarantar ba a sa masa riga. Makarantar da ta ci kofi ta haka ta koya wa yaranta sata, ga shi kuwa a fili, gaban jama'a. Kada uba ya yarda a taɓa shekarun ɗansa, ko wa ya roƙe shi. Na biyu, yaro ya bi ƙwallo ya saki littafi. Ƙarfin ƙafa na 'yan shekaru ne, karatu kuwa har tsufa.

In an kiyaye waɗannan biyu, to, ka bar ɗanka ya tafi. Ka tambayi malaminsa ranar tafiya da ta komowa, da wanda zai raka su. In ya ciwo, ka yi masa barka, ka hana shi alfahari. In an ka da shi, ka tambaye shi ko ya ba wanda ya ka da shi hannu. In ya ce ya ba shi, lalle bai komo gida hannu wofi ba.