Rim ɗin Aloyi da Tukunyar Dalma

Duk matar da ta daɗe a madafi ta san bambancin tukunyar dalma da daron ƙarfe. Daro in ya faɗo daga kan 'yar talla ko yara suka take shi, lotsawa yake yi. A kifa shi a kan turmi a bubbuge shi da guduma, ya koma ɗaukar ruwa, ko da ya yi muni. Tukunyar dalma kuwa, irin wadda maƙera ke zubawa da narkakken alminiyon a Panteka ta Kaduna, halinta daban ne. Tana sheƙi in an goge ta, tana saurin ɗaukar zafi, amma ranar da ta faɗi a kan siminti, ko dai ta tsira lafiya ko ta tsage. In ka ce za ka gyara ta da guduma, ƙarasa ta za ka yi.

Wannan bambanci shi ne tushen gardamar da ake yi a gareji da rumfunan masu faci kan rim ɗin ƙarfe da na aloyi. Rim ɗin ƙarfe, irin wanda Peugeot 504 ta yi ta yawo da shi a hanyoyinmu bayan buɗe kamfanin harhaɗa Peugeot a Kaduna a 1975, daro ne: faranti aka matse da inji aka yi masa walda. In ya faɗa rami bakinsa ya lanƙwashe, mai faci ya sa guduma ya miƙar, a hura iska a kama hanya. Yawancin rim ɗin aloyi da ke zuwa a jikin motocin tokumbo kuwa zubi ne, kamar tukunya. Ana narka alminiyon, a gauraya shi da silikon wajen kashi 7 cikin 100 da ɗan magniziyam, a zuba a mazubi, sannan a gasa shi a tanderu a tsoma a ruwa don ya yi ƙwari. Yana iya ɗan lanƙwashewa, amma haƙurinsa gajere ne, daga lanƙwasa zuwa tsagewa ba nisa.

To me ya sa masu ƙera motoci suka rungume shi? Dalilin farko shi ne nauyi. In aka ɗauki curin alminiyon da na ƙarfe masu girma ɗaya, na alminiyon bai wuce kashi ɗaya cikin uku na nauyin ƙarfen ba sai da ɗan kaɗan. Ƙafar mota kuma tana ƙasa da sifirin, ita ce ke hawa da sauka a kowane gargada. In ta yi sauƙi, shokazoba ba ya wahalar danne ta, taya ta fi manne wa ƙasa, sitiyari ya fi jin magana. Dalili na biyu shi ne wanda ya sa tukunyar dalma ke saurin tafasa ruwa: alminiyon yana jan zafi da sauri, don haka yana taimaka wa birki ya huce. Masu tseren motoci ne suka fara gane amfanin. A 1924 kamfanin Bugatti ya fito da motarsa Type 35 a tseren birnin Lyon na Faransa da ƙafafun alminiyon na zubi. A 1966 Porsche 911 S ta zo da rim ɗin kamfanin Fuchs, wanda ba zuba shi aka yi ba, curin alminiyon aka matse da inji mai tsananin ƙarfi har ya ɗauki siffa. Irin wannan na matsi ya fi na zubi ƙwari da juriya, amma kuɗinsa ba na kowa ba ne.

Daga nan aka zo kan rim mai sassa. A tukwane ma akwai wadda aka zuba da kunnuwanta a jiki, in kunne ya karye ta zama gurguwa har abada, akwai kuma wadda aka ɗaura wa mariƙi da noti, in ya lalace a kwance shi a sa wani. Kamfanin BBS, wanda Heinrich Baumgartner da Klaus Brand suka kafa a garin Schiltach na Jamus a 1970, ya yi suna da wannan dabara, musamman da samfurinsa RS na 1983. Rim ɗin kashi uku ne: fuskar tsakiya da ake ɗaurewa a jikin mota, da gangar ciki, da leɓen waje. Ana haɗe su da ƙananan notuna 30 ko fiye, a shafe tsakaninsu da silikon na liƙi don kada iska ta zurare. Mai tsere yana iya sauya faɗin rim ɗinsa ba tare da ya sayi sabo ba, in kuma ya daki gefen hanya leɓe ya lanƙwashe, leɓen kaɗai zai canza.

A ido, wannan kamar don hanyoyinmu aka yi shi, domin bakin rim ne ke fara shan dukan rami. Sai dai tukunya mai mariƙin noti ba ta da wani amfani na musamman a garin da ba a sayar da mariƙi. Leɓen da zai dace da fuskar rim ɗinka sai ya zo daidai a faɗi da yawan ramukan noti, kuma ba kaya ne da ake tsinta a kowace rumfa a kasuwar Ƙofar Ruwa ba. In an samu, ɗaurin ma aiki ne na natsuwa: kowane noti da ma'aunin ƙarfin da za a ɗaure shi, ana bi gefe da gefe, a kankare tsohon liƙi tas a shafa sabo, a bar shi ya bushe kafin a sa taya. Wanda ya yi gaggawa zai wayi gari kullum da taya a kwance, yana zargin ƙusa alhali iska ta tsakanin sassan take fita. Girgizar burji kuma tana gwada kowane noti. Ga kuma jabu: akwai rim da yawa a kasuwa masu jerin notuna a gefe don ado kawai, alhali zubi ɗaya ne, ba abin da ke kwancewa.

Batun walda ma yana buƙatar tsayawa. Tukunyar da aka liƙe in ta sake ɗiga, miya ce ta zube. Rim ɗin da aka yi wa walda in ya sake buɗewa, mota na gudun kilomita 100 a sa'a ɗauke da iyali. Alminiyon yana narkewa a zafin digiri 660, amma siririyar fatar da iska ke yi masa a sama ba ta narkewa sai an haura digiri 2,000. Shi ya sa waldar kabaid ko ta lantarki irin ta ƙofa da taga ba ta dace da shi ba, sai waldar iskar agon a hannun wanda ya ƙware. Ko an yi ta da kyau, zafin waldar yana warware ƙwarin da gashin tanderu ya ba wurin, sai gefen ɗinkin ya zama shi ne mafi rauni. Haka ma masu gasa rim da wuta don su miƙar da shi: ido zai ga ya miƙe, amma ƙarfin ya ragu.

Saboda haka tsagewa iri-iri ce. Gajeriyar tsaga guda a leɓen ciki, ƙwararre na iya toshe ta, a gwada ta cikin ruwa, a yi balansin, a riƙa dubawa. Amma in ta kama ɗaya daga cikin hannuwan da suka taso daga tsakiya, ko ta fito daga ramin notin taya, ko ta bi zagayen ganga, wannan rim ya gama aiki. Masu saye a kilo suna nan, maƙera za su narka shi, kuma ya fi amfani a kan murhu da a ƙarƙashin mota.

Abin da mutane da yawa ba su lura da shi ba, sau da yawa laifin ba na aloyi ba ne, na girman rim ne. Dubi lambar da ke jikin taya. A taya mai lamba 195/65 R15, tsayin robar da ke tsakanin rim da ƙasa ya kai milimita 127. A mai 225/40 R18 kuwa milimita 90 ne kacal. Duk wanda ya cire rim mai inci 15 ya sa mai 18 don mota ta yi kyau a wurin biki, ya rage katifar da ke kare rim ɗinsa daga bakin kwaltar da damina ta cinye. In kuma iskar tayar ta yi ƙasa, rami zai matse robar har rim ya daki dutse kai tsaye. Rim ɗin da ya lanƙwashe kaɗan yana ba da alama: sitiyari na rawa a wani gudu, taya na cinyewa gefe guda, iska na raguwa a hankali.

Ga direban haya da ke shiga ƙauyuka ranar kasuwa, rim ɗin ƙarfe ne abokin tafiya, domin duk inda ya lotsa akwai guduma. Mai motar gida da ke son aloyi ya tsaya a girman da kamfani ya sa wa motar, ya nemi tambarin gwaji irin JWL na Japan a jikinsa, ya juya shi ya duba ciki ko an taɓa yi masa walda an shafe da fenti, ya kuma riƙa auna iska. Rim mai sassa kuwa sai wanda ya san inda zai samo sassan da wanda zai ɗaure su. Kafin ka biya kuɗin rim don kyan fuskarsa, ka fara tambayar kanka wace hanya za ka bi da shi, kuma wa zai gyara maka shi in ya sha rami.