Rukunin Jininki da Lafiyar Abin da ke Cikinki

Uwargida, idan kin zo awon ciki a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Danfodiyo, za a ɗebi jininki a auna rukuninsa. Bayan harafin A, B, AB ko O, za ki ga alamar tarawa (+) ko ta ɗebewa (−). Alamar tarawa na nufin akwai wani furotin da ake kira Rh a jikin jajayen ƙwayoyin jininki. Ta ɗebewa kuwa na nufin babu shi.

Gado ne, ba ciwo ba

A shekarar 1940 aka gano wannan furotin. Daga uwa da uba ake gadonsa. Idan dukansu ba su da shi, ɗansu ma ba zai samu ba. Idan uba yana da shi, jariri na iya gadonsa. Yawan marasa shi ya bambanta tsakanin al'ummu: wajen mutum 15 cikin 100 a Turai, kimanin 5 cikin 100 a Najeriya, a ƙasar Sin kuwa bai kai 1 ba.

Ina haɗarin yake?

Idan ba ki da Rh amma jaririnki yana da shi, jininsa kan ɗan shiga naki lokacin haihuwa, ɓari ko zubar jini. Sai jikinki ya ɗauke shi baƙo, ya haɗa garkuwar yaƙarsa. Ɗan fari yakan tsira. A ciki na gaba ne garkuwar ke ratsa mabiyiya ta farfasa jinin jariri. Sakamakon haka shi ne ƙarancin jini, shawara mai tsanani, ko mutuwa a ciki. Wannan na iya zama ɗaya daga cikin sanadin abin da ake kira wabi.

Abin yi

1. Ki fara awo da wuri, ki san alamarki.
2. Maigida, kai ma ka zo a auna naka.
3. Akwai allurar kariya mai suna Anti-D. Ana yin ta wajen mako na 28, sannan cikin awa 72 bayan haihuwa idan jariri yana da Rh. Ana yin ta bayan ɓari ma.
4. Ko a gida kika haihu, kada kwana uku su wuce ba ki zo ba. Idan garkuwar ta riga ta haɗu, allurar ba ta warware ta.
5. Idan idon jariri ya yi rawaya, a kawo shi ran nan.

Allah ya sauke ki lafiya.