Yawon Buɗe Ido Bayan Kaka: Daga Duwatsun Birnin Kudu Zuwa Wusasa

'Yan'uwa manoma, idan amfanin gona ya shiga rumbu, aiki ya kan yi sauƙi na ɗan lokaci. A nan ne ƙungiyar gama kai za ta iya shirya tafiya domin a ga wurare. Waɗansu za su ce ɓarnar kuɗi ce. To, amma tafiya mabuɗin ilmi ce. A nan za mu bayyana tafiya guda wadda ƙungiyoyin Gwaram da Birnin Kudu za su iya yi, da abin da ya kamata a lura da shi a kowane wuri. Rana ta fari ta hanya ce, ta biyu ta kallo ce a Zariya, ta uku kuwa ta komowa gida.

Zango na fari: duwatsun Birnin Kudu

Kada a wuce abin da ke ƙofar gida. A Birnin Kudu akwai Dutsen Mesa da Dutsen Habude da Dutsen Murufu. A ƙarƙashin manyan duwatsun nan, inda ruwan sama ba ya bugu, mutanen dā sun zana shanu da jan launi da fari. Wani Bature mai suna Bernard Fagg, wanda ya kafa gidan kayan tarihi na Jos, shi ya bazu da labarinsu cikin shekarun 1950. Daga baya gwamnati ta sa su cikin kayan tarihin ƙasa.

Ku dubi bayan shanun da kyau. Ba su da tozo. Watau ba irin shanun da mu ke huɗa da su yau ba ne. Waɗansu masu dogon ƙaho ne, waɗansu kuwa gajeru ne kamar muturu, irin da ke jure wa ciwon sammore. Wannan ya nuna mana kiwo ya daɗe ƙwarai a ƙasan nan, kuma irin dabbobin da a ke kiwo ya kan sake da zamani. Akwai kuma duwatsu masu ƙara kamar kuge idan an buga su da ɗan dutse. A bar yara su gwada, amma kada kowa ya taɓa zanen, ko ya rubuta sunansa da gawayi a jikin dutse.

Daga nan sai a kama hanya. Birnin Kudu zuwa Kano wajen kilomita 130 ne, Kano zuwa Zariya kuma wajen kilomita 150. A yi ƙoƙari a isa Wusasa, yamma da birnin Zariya, tun rana ba ta faɗi ba.

Da sassafe: Dutsen Kufena

Dutsen Kufena yana daf da Wusasa. A hau shi da sanyin safiya, kafin dutse ya yi zafi. Tsofaffi su tsaya inda ƙarfinsu ya kai. Idan hazo bai yi yawa ba, daga bisa za a hangi birnin Zariya da Samaru da gonaki da fadamu, a shimfiɗe kamar tabarma.

Mutane sun zauna a gindin dutsen nan tun kafin birnin Zariya ya zama gidan sarautar Zazzau a ƙarni na 16. Dalili a fili ya ke. Dutse mafaka ne a lokacin yaƙi, ruwan da ke gangarowa daga kansa kuma yana jiƙa ƙasar da ke gindinsa. Manomi ya lura da inda ruwan ya ke bi, da inda ya yanka kwazazzabo, da inda ciyawa da itatuwa suka tare shi. Daga sama a kan ga aikin zaizayar ƙasa fiye da yadda mutum zai gani yana tsaye cikin gonarsa.

Da hantsi: majami'ar Wusasa

A nan ya kamata a daɗe. Likita Walter Miller na mishan ɗin C.M.S. ya zauna cikin birnin Zariya tun 1905, sa'an nan mishan ta ƙaura zuwa Wusasa a 1929. A lokacin ne aka gina Majami'ar St. Bartholomew. Miller yana cikin waɗanda suka juya Littafi Mai Tsarki zuwa Hausa, wanda aka buga a 1932. A garin nan ne Janar Yakubu Gowon ya yi ƙuruciyarsa, Dokta R. A. B. Dikko kuma, likita na fari daga Arewa, a nan ya tashi.

Abin da ya kawo mu shi ne ginin kansa. Da ƙasa aka yi shi, bisa fasalin ginin Hausa, ga shi ya kusa shekara ɗari ana sujada a ciki. Ku shiga da tsakar rana ku ji sanyinsa. Kaurin bango shi ke hana zafi shiga. Ku ɗaga kai ku dubi bakan gizo. Ga yadda magina su ke yin sa. Azara guda gajeruwa ce, ba ta iya ƙetare babban ɗaki. Saboda haka a kan kafa azara cikin bango ta kowane gefe, a ɗaura wata bisa wata da igiya, kowace ta ɗan zarce 'yar'uwarta, har su gamu a tsakiya. Sa'an nan a lulluɓe su da ƙasa.

Ina a ke samun azara? Daga giginya, domin gara ba ta cinta da sauƙi. Da me magina su ke shafe bango don kada ruwa ya ci shi? Da makuba, wadda a ke samu daga ɓawon 'ya'yan ɗorawa. Ashe irin ginin nan daga gona ya ke fitowa. Garin da ya sare giginyarsa da ɗorawarsa bai dasa waɗansu ba, dole ya koma sayen siminti da katako da kwano, ko yana da kuɗi ko ba shi da shi.

Da azahar: ganuwa da fada

Bayan abinci sai a shiga birni. A tsaya a ga abin da ya ragu na ganuwa. Dā ta kewaye birni duka, har da gonaki a ciki, domin mutane su sami abinci ko an kewaye su da yaƙi. Tana da ƙofofi kamar Ƙofar Doka da Ƙofar Gayan da Ƙofar Kuyambana. A ƙasar Hausa har yau a kan kira tsohuwar ganuwa "ganuwar Amina", saboda sunan Sarauniya Amina ta Zazzau.

Ba mutum ɗaya ya gina ta ba. Aikin jama'a ne, kuma bayan damina a kan fito a gyara inda ruwa ya ci. Da aka daina gyara sai ta soma zubewa. Ruwa ya ci wani wuri, masu ɗibar ƙasar gini suka ci wani, gidaje suka hau wani. Ku gwada ta da majami'ar da kuka gani da hantsi. Duka biyu ƙasa ce. Wadda a ke kula da ita tana tsaye, wadda aka bari kuwa ta zama tudu.

A ƙarasa a ƙofar fadar Sarkin Zazzau, a ga adon da ke jikinta. Kusa da ita akwai Masallacin Juma'a wanda Babban Gwani Malam Mika'ilu ya gina cikin shekarun 1830, zamanin Sarki Abdulkarimu. Bakan gizonsa ya yi suna har ƙasashen waje. Cikin shekarun 1970 aka yi sabon gini aka lulluɓe tsohon a ciki. Mu baƙi ne a wurin. A gai da dogarai da masu tsaron ƙofa, a nemi izini, inda aka ce a tsaya kuwa a tsaya. Ya fi kyau kada ziyarar ta faɗo ran Juma'a, saboda cunkoso.

Idan da sauran lokaci a rana ta uku, a biya ta Samaru, inda Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Jami'ar Ahmadu Bello ta ke. Daga can ne ingantaccen irin dawa da gyaɗa da wake masu suna SAMSORG da SAMNUT da SAMPEA su ke fitowa.

Shirin tafiya

1. A tsai da rana tun da wuri, tsakanin ƙarshen girbi da somawar sharar gona.
2. Sakatare ya rubuta wa shugabannin ikkilisiyar Wusasa da na Samaru kafin a tashi, domin masauki da wanda zai zaga da ku.
3. Kuɗin mota a tara shi tun kaka, kowa ya ba da mudun da taro ya yanka. Kada a taɓa asusun taki ko na iri.
4. A tafi da mata da matasa, da maginin gari in akwai.
5. A riƙe guzuri da ruwan sha. A tambayi lafiyar hanya, kada kuma a yi tafiyar dare.
6. A bar masu kula da dabbobi da rumbuna.

Bayan an komo

Tafiyar ba ta ƙare ba sai an yi taro. Waɗanda suka je su ba waɗanda suka tsaya labari. Sa'an nan a zaga tare a dubi majami'a da ɗakin ajiyar ƙungiya da rumbuna. Ina bango ya tsage? Wane indararo ne ya toshe? Ina ruwa ke kwanciya a gindin gini? A sa ranar gayya a yi yaɓe tun kafin ruwan fari. A ƙidaya giginya da ɗorawa da suka ragu a gonakin 'yan ƙungiya, a kuma shirya inda za a dasa sababbi idan damina ta faɗi. Giginya ta kan daɗe kafin ta isa azara. Wanda ya binne ƙwallonta bana, jikokinsa ne za su yi rufi da ita, kamar yadda mu ma mu ke zaune ƙarƙashin azarar da kakanninmu suka bar mana.