Gunjin Salansa Ba Shi Ne Ƙarfin Mota Ba

Duk wanda ke zaune a Nima ko Mamobi ko Sabon Zango a Akara, ko kuwa Aboabo da Asawase a Kumasi, ba sai an ba shi labarin motocin nan na samari masu gunji ba. Za ka ga mota tsaf-tsaf, an sauke ta ta kusa taɓa ƙasa, an sa mata faffaɗan tayoyi, amma da zarar direba ya taka totur sai ka ce hadari ne ya taso. In ya ɗaga ƙafa kuma sai ta riƙa fas-fas kamar ana harbi. Galibinsu motoci ne masu turbo, irin su Golf GTI da Subaru WRX da wasu BMW, waɗanda ko dai tun can ƙetare aka yi musu gyare-gyare kafin a sauke su a tashar jiragen ruwa ta Tema, ko kuwa a nan gida aka kai su wajen masu walda aka yanke salansar da kamfani ya sa, aka maye gurbinta da miƙaƙƙen bututu.

Ba nufinmu ba ne mu raba saurayi da motar da ya yi gumi ya saya. Ai gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba. Abin da muke so mu nuna shi ne, mota mai turbo tana iya riƙe ƙarfinta kuma ta rage baki, muddin an san inda ƙarar take fitowa da kuma yadda ake tare ta ba tare da an shaƙe injin ba.

Daga ina ƙarar take fitowa?

A cikin kowace silinda ta injin fetur, ana haɗa mai da iska a matse su, fulogi ya ba da wuta, su kama nan take. Da bawul ya buɗe sai hayaƙi mai tsananin zafi ya yi tsalle ya faɗa cikin bututu da ƙarfi. Wannan bugun shi ne kunne ke ji. Injin mai silinda 4 yana yin irin wannan bugu sau 2 a duk juyi ɗaya, wato in yana juyi 3,000 a minti, bugu 100 ke nan a cikin daƙiƙa ɗaya tak. Tun farkon zamanin mota aka gane ba za a iya zama da wannan ba, har wani Ba'amurke mai suna Milton Reeves ya yi rajistar salansarsa a shekarar 1897.

Shi kuwa turbo, wani injiniya ɗan ƙasar Suwizalan mai suna Alfred Büchi ne ya yi rajistar dabararsa a 1905, amma sai a 1962 kamfanin General Motors ya fara sayar da ƙananan motoci masu ɗauke da shi. Aikinsa mai sauƙin fahimta ne. Fanka biyu ce a kan sanda ɗaya. Hayaƙin da ke fita ya juya ta farko, ita kuma ta juya ta biyu, wadda ke ɗura wa injin iska fiye da yadda zai iya shaƙa da kansa. Iska mai yawa tana ba da damar ƙona mai da yawa, daga nan ƙarfi ke zuwa. Fankar nan takan wuce juyi 100,000 a minti, kuma hayaƙin da ke bi ta cikinta yakan kai kusan digiri 900 na zafi.

A nan akwai abu biyu da ya kamata kowane mai irin wannan mota ya riƙe. Na farko, turbo da kansa rabin salansa ne, domin yana daddatsa bugun hayaƙin yana shanye ƙarfinsa kafin ya wuce. Saboda haka motar turbo ta fi wadda ba ta da shi sauƙin ladabtarwa. Na biyu, turbo ba ya son a tsaya masa a gaba. In hanyar da ke bayansa ta ƙuntata, hayaƙi ya taru, fanka ta yi jinkirin tashi, zafi ya ƙaru, ƙarfi ya ragu. Wannan ne ya sa masu gyaran mota ke faɗaɗa bututu, kuma a kan wannan suna da gaskiya. Inda suka kauce shi ne zaton da suke yi cewa ƙarar ce ke kawo ƙarfin. Abin da turbo ke nema buɗaɗɗiyar hanya ce kawai, ba ruwansa da ko maƙwabta sun ji ko ba su ji ba.

Bari mu ɗan yi lissafi

Ana auna ƙara da ma'aunin da ake kira desibel. Hirar mutum biyu takan kai kamar 60. Ma'aunin nan ba ya tafiya kamar na mudu, domin ƙarin desibel 10 kacal kunne yakan ji shi kamar an ninka ƙarar biyu. Masana lafiyar ma'aikata sun yi ittifaƙi cewa zama cikin desibel 85 na awa 8 kullum yana cin kunne, kuma duk ƙarin 3 yana rage lokacin da rabi. A desibel 100, minti 15 ne iyaka. Jin da ya tafi ta wannan hanya kuwa ba ya dawowa, kuma direban da yaran gareji su ne na farko da abin ke ci.

A jihar Kalifoniya ta Amurka, iyakar da doka ta ba salansar ƙaramar mota ita ce desibel 95, in an auna daga rabin mita. A nan Gana kuwa, ƙa'idar da hukumar kare muhalli ta shimfiɗa wa unguwannin zama ita ce desibel 55 da rana, 48 da dare. To, a fili, duk lokacin da ka ninka nisa, ƙara takan ragu da desibel 6. Mu ɗauki motar da ke ba da 95 a rabin mita. A mita 1 ta koma 89, a mita 8 ta koma 71, a mita 64 ta koma 53. Sai an wuce mita 100 kafin ta sauko kusa da 48. Wannan fa a fili ke nan. A lungunanmu na zango, inda bango ke fuskantar bango kuma taga ke bakin hanya, ƙarar ba ta da inda za ta tsere, sai dai ta yi ta kai da komo. Mai karatu ya ƙirga gida nawa ne a cikin mita 100 a unguwarsu, da jariri nawa, da tsoho nawa, da majiyyaci nawa.

Matakan gyara bi da bi

Matakin farko ba ya cin kuɗi sosai. A ɗaga motar a duba ko akwai inda hayaƙi ke yoyo. Gaskit da ya ƙone, ko walda da ta tsage, ko gaɓar nan mai lanƙwasa da ke ƙarƙashin inji in ta yage, duk suna ƙara ƙara. Baƙin tabo a jikin bututu shi ne alama. Wannan kuma maganar rai ce, domin a cikin hayaƙi akwai iskar kabon monoksaid wadda ba ta da launi ba ta da wari, in ta shiga cikin mota a rufe tana sa barci, daga nan sai abin da Allah Ya yi. A duba robobin da ke rataye da bututun, kada ƙarfe ya taɓa jikin mota.

Mataki na biyu shi ne a kashe ƙarar da aka ƙirƙira da gangan. Fas-fas ɗin nan da ake ji in an ɗaga ƙafa, a ƙwaƙwalwar mota aka saita shi, ta yadda mai zai fita bai gama ƙonewa ba ya je ya fashe a cikin bututu. Ba ya ƙara gudu ko na taku ɗaya, sai dai ya sha mai ya gasa turbo. Mai kwamfutar da ya sa shi zai iya cire shi. Haka nan wasu sukan ba ƙofar da ke rage wa turbo hayaƙi nata ɗan bututun dabam, ta riƙa zubarwa waje kai tsaye da wata irin kururuwa. A mayar da shi ya haɗu da babban bututu. Bawul ɗin da ke yin atishawa in an canja giya shi ma a mayar da iskarsa cikin inji kamar yadda kamfani ya tsara.

Mataki na uku, matatar hayaƙi da makanikai ke kira katalis. Da yawa an fasa ta an sayar, saboda ƙarafa masu tsada da ke cikinta, wato filatinam da faladiyam da rodiyam. Ita ce ke rage gubar hayaƙi, kuma tana rage kaifin ƙara. Akwai irin wadda aka yi domin motocin gudu, mai faffaɗan ƙofofi. In an mayar da ita, a sake saita ƙwaƙwalwar motar ta dace da sabon yanayi.

Mataki na huɗu shi ne zaɓen salansar kanta, kuma iri biyu ce. Akwai mai ɗakuna, wadda ke karkata hayaƙi daga wannan ɗaki zuwa wancan har amo ya ci karo da amo. Tana kashe ƙasaitaccen rugugi, amma in ƙarama ce tana tare hanya. Akwai kuma miƙaƙƙiya, wato bututu mai huji-huji da aka naɗe da audugar gilashi a cikin tulu. Hayaƙi ya wuce kai tsaye, amo kuwa ya shige ta hujin audugar ta shanye shi. Wannan ita ce ƙawar turbo. Sirrinta girma ne, in tulu ya fi tsawo da faɗi, shiru ya fi yawa. Saboda haka a sa doguwa ɗaya a tsakiyar mota, a sa babba a baya gwargwadon abin da wuri zai ɗauka. Audugar nan tana ƙonewa da daɗewa, shi ya sa salansar da ta yi shiru bara za ta iya buɗe baki bana. Mai zuwa Abosokai ko Magazin ta Suame neman ta hannu, ya ƙwanƙwasa tulun ya saurara. In ya yi amo kamar gwangwani, ba kome a ciki.

Sai kuma faɗin bututu. Bututu mai inci 3 ya fi mai inci biyu da rabi faɗin ƙofa da kashi 44 cikin 100. Motar da ba a yi mata wani babban gyara ba, inci biyu da rabi ya ishe ta, kuma ya fi shiru. Abin da muke gargaɗi a kai shi ne ɗan toshin nan da ake cusawa a bakin salansa a ɗaure da noti. In ƙofarsa inci ɗaya da rabi ce a cikin bututu mai inci 3, kashi ɗaya cikin huɗu na hanyar kawai ya bari. Ƙara za ta ragu, amma in aka ci gaba da taka mota haka, zafi zai koma kan turbo da inji, garin neman gira a rasa ido. Haka ma cusa soson ƙarfe ko tsumma. Araha ba ta ado.

Ƙugin da ke sa ciwon kai

Akwai wata ƙara dabam da ta fi damun na cikin mota, wato ƙugin nan mai nauyi da ke cika kunne in an miƙe hanya, misali daga Akara zuwa Kumasi, inji na juyi iri ɗaya na tsawon lokaci. Auduga ba ta iya masa. Maganinsa wani bututu ne da ake liƙawa a gefen babban bututu a toshe ƙarshensa. Amo ya shiga ya bugi bango ya dawo, ya iske ɗan'uwansa a daidai lokacin da za su kashe juna. Hayaƙi ba ya bi ta ciki, saboda haka ƙarfi ba ya raguwa.

Tsawonsa ba da ka ake yankawa ba. A lura da juyin da ƙugin ya fi tsanani. In 3,000 ne a injin mai silinda 4, mun riga mun ce bugu 100 ne a daƙiƙa. Amo yana tafiyar mita 343 a daƙiƙa a cikin iskar da muke shaƙa, a cikin hayaƙi mai ɗumi kuwa yakan kai kamar 400. A raba 400 da 100, a sami 4, a sake rabawa da 4, a sami mita 1. Tsawon bututun ke nan, kuma ana iya lanƙwasa shi ya bi jikin mota. Mai walda mai basira yakan yi shi mai zugewa, a yi ta gwadawa har a dace sannan a kama da walda. Ga amfanin lissafin da yara ke cewa ba su ga ranarsa ba.

Kafin a fara aiki da bayan an gama, a auna. Wayoyin hannu na yanzu suna da manhajar auna ƙara. Ba ta kai na'urar hukuma daidaito ba, amma in an riƙe wayar a wuri ɗaya, rabin mita daga bakin salansa ta gefe, inji na juyi iri ɗaya, za ta nuna ko kuɗin da aka biya ya yi aiki.

Zama da mutane

Duniya ta juya wa ƙarar mota baya. Tarayyar Turai ta kafa doka a 2014 wadda ta riƙa rage iyakar ƙarar sababbin motoci mataki-mataki, kuma a 2022 aka fara gwada na'urorin da ke sauraren ƙara su ɗauki lambar mota a birnin Paris. A nan gida ma, masu masaukinmu na Akara, wato ƙabilar Ga, sukan hana kiɗa da hayaniya na kimanin wata guda kowace shekara gabanin bikin Homowo. Mutanen da suka ɗauki shiru da wannan daraja, me za su ce in motar ɗan zango ce ke tashinsu ƙarfe biyun dare? Ba za su kira sunan yaron ba, sunan unguwa za su kira. Wake ɗaya ke ɓata gari. Mu da ke tsayawa gaban allo kuwa mun san yadda darasi ke yankewa in irin motar nan ta wuce bayan aji, da yadda yaron da bai yi barci ba ke gyangyaɗi tun kafin tara.

Muna kira ga shugabannin gareji da masu walda, in yaro ya kawo mota a yanke salansa, su nuna masa hanyar da zai sami gudunsa ba tare da ya sayi baƙin jini ba. Aikin ma ya fi kawo musu kuɗi. Sarakunan zango da iyaye su ma su sa baki tun abin yana hannunmu, kafin ya koma hannun 'yan sanda. Ga samarinmu kuma, har kafin a tara kuɗin gyara, akwai abin da ba ya buƙatar ko sisi: in an shigo unguwa a sa babbar giya, a ɗaga ƙafa, a bar mutane su yi barci. Allah Ya ba mu zaman lafiya da maƙwabtanmu, Ya kuma tsare mu a kan hanya.