'Yan Kwana-kwana Na Sa-kai Da Aikin Ceton Majinyata

Duk wanda ya ji jiniyar motar kwana-kwana a garuruwanmu, gobara ce za ta fara faɗo masa a rai. Amma a karkarar Amurka da Faransa, inda galibin masu wannan aiki manoma ne da makanikai da malaman makaranta da suka ɗora wa kansu hidimar jama'a ba don albashi ba, mafi yawan kiran da ake yi musu na majinyata ne: dattijon da zuciyarsa ta tsaya, ko yaron da abinci ya shaƙe, ko direban da mota ta maƙale shi. Al'adar sa-kai ɗin tana da tsohon asali, domin tun a shekarar 1736 Benjamin Franklin ya kafa ƙungiyar sa-kai ta kashe gobara a birnin Philadelphia, kuma har yau kimanin kashi biyu cikin uku na 'yan kwana-kwanan Amurka 'yan sa-kai ne.

Hikimar tura su ga marar lafiya tana cikin lissafin daƙiƙu. Likitoci sun tabbatar cewa idan zuciya ta daina harba jini, ƙwaƙwalwa takan fara lalacewa cikin minti 4 zuwa 6, alhali motar asibiti, wadda sau da yawa daga wani gari mai nisa za ta taso, ba ta da ikon naɗe hanya komai gudunta. Shi kuwa ɗan sa-kai maƙwabci ne, ya san lungu da saƙo na garin, saboda haka da zarar an buga 911 a Amurka, ko 18 a Faransa, saƙo ya shiga na'urar da ke ɗaure a ƙugunsa, sai ya ajiye abin da ke hannunsa ya nufi wurin majinyacin. In ya isa, ya danna ƙirji, ya ba da iskar oksijin, ya tsayar da jini, ya manna na'urar da ke girgiza zuciya da lantarki don ta koma bugunta, har masu motar asibiti su iso su karɓa. Ba likita ba ne, bai kuma yi da'awar haka ba, sai dai an horar da shi an jarraba shi kafin a amince masa.

A ganina wannan shi ne ainihin abin da malamanmu na fiƙihu suke kira farali na kifaya, wanda idan wasu suka tsayu da shi ya faɗi daga kan saura, idan kuwa kowa ya yi ko-oho laifin ya hau kan al'umma baki ɗaya. Kiyaye rai kuwa yana cikin manyan manufofin shari'a. Mutanen birnin Seattle na Amurka kuwa sun fahimci cewa 'yan kwana-kwana ma ba su isa su kaɗai ba, shi ya sa tun farkon shekarun 1970 suka shiga koya wa talakawan gari danna ƙirji.

To, a nan ne gargaɗi ya wajaba, domin abin da muka saba yi wa wanda ya yanke jiki ya faɗi, wato a yi masa rumfa, a kwara masa ruwa, wani ma ya ɗura masa a baki, yana iya ƙarasa shi, tun da ruwan na iya shiga huhunsa. Idan mutum ba ya amsawa, ba ya kuma numfashi yadda ya kamata, sai a aika wani ya nemi agaji nan take, a kwantar da shi rigingine a ƙasa mai tauri, a ɗora hannu bisa hannu a tsakiyar ƙirjinsa, a riƙa dannawa da ƙarfi sau 100 zuwa 120 a minti ɗaya, ba tsayawa har mataimaka su zo. Wanda ya yi haɗarin mota kuwa, kada a fizgo shi da ƙarfin tsiya, sai fa in wuta ce ke shirin cin motar, domin karayar wuya da ba a gani ba tana iya shanye masa jiki har ƙarshen rayuwarsa.