Ɗumama gareji a ƙasashen sanyi: Amfaninsa da haɗarinsa

A jihohin arewacin Amurka da kuma ƙasar Kanada, da zarar watan Nuwamba ya kama, magidanta kan soma lissafin kuɗin ɗumama gidajensu. Ga wasu da dama, lissafin ya haɗa har da gareji, wato ɗakin ajiye mota wanda galibi ake ginawa manne da gida.

Wanda bai san sanyin waɗannan wurare ba zai iya ɗaukar hakan a matsayin almubazzaranci. To amma a garin Tower na jihar Minnesota, sanyi ya kai digiri 51 ƙasa da sifiri a ma'aunin Celsius, ranar 2 ga Fabrairun 1996. A birnin Winnipeg na Kanada kuwa, matsakaicin yanayin watan Janairu kimanin digiri 16 ne ƙasa da sifiri.

A irin wannan sanyi, baƙin man inji kan yi kauri, batir ya yi rauni, mota ta ƙi tashi da safe. Bututun ruwan da ya ratsa ta gareji kan daskare ya fashe. Haka kuma mutane da yawa a nan suke aikin kafinta ko gyaran mota, abin da ba ya yiwuwa idan yatsu sun sandare.

Idan dai motar ce kaɗai damuwar, ba lallai ne a ɗumama ɗakin baki ɗaya ba. Tun a shekarar 1949 wani injiniya a jihar North Dakota, Andrew Freeman, ya yi rajistar wata ƙaramar na'urar lantarki mai ɗumama injin mota. Shi ya sa a Winnipeg ake ganin motoci da waya tana reto a gabansu, kuma wuraren ajiye motoci da yawa na da soket da ake jonawa.

Toshe kafa tukuna

Ga mai son ɗumama ɗakin kansa, matakin farko shi ne hana zafi tserewa. Akan cusa wani abu mai kama da auduga, wanda ake yi da zaren gilashi, a cikin bango da silin, sannan a liƙa soso a jikin babbar ƙofar, a kuma sa roba a gefunanta domin toshe kafofin iska. Idan ba a yi haka ba, kunna hita tamkar ɗibar ruwa ne da kwando.

Bayan nan ne ake zaɓen na'ura. Ƙaramar hitar lantarki da ake jonawa a soket ɗin gida ba ta wuce ƙarfin wat 1,500, wanda bai isa ɗumama garejin mota biyu a tsakiyar hunturu ba. Manyan na lantarki, masu wat 5,000 ko fiye, sai an jawo musu layin wuta na musamman.

A inda sanyi ya fi tsanani, an fi amfani da hitar gas da ake ratayewa kusa da silin, mai bututun da ke fitar da hayaƙi waje. Wasu kuma tun wajen gini suke binne bututai a cikin daɓen siminti, ruwan ɗumi na zagayawa a ciki.

Akasari ba a neman gareji ya yi ɗumi kamar falo, ana dai riƙe shi ne kaɗan sama da sifiri. Baya ga tsimin kuɗi, akwai wani dalili. Hukumomi kan watsa gishiri a kan tituna domin narkar da ƙanƙara, motoci kuma su kwaso shi gauraye da dusar ƙanƙara. Idan ta narke a ɗaki mai ɗumi, ruwan gishirin kan hanzarta tsatsa a ƙarƙashin mota, wato garin neman ƙiba an samo rama.

Hayaƙin da ba a gani

Babban haɗarin dai shi ne, ɗakin da aka toshe domin riƙe zafi, yana riƙe duk wani hayaƙin da aka haifar a cikinsa.

Injin mota, da janareta, da gawayi, da hitar gas ko ta kananzir marar bututu, duk suna iya fitar da iskar kabon monoksaid. Wannan iska ba ta da launi, ba ta da wari. Idan aka shaƙe ta, takan kama jini fiye da yadda iskar oksijin ke kamawa har sau 200 ko fiye. Takan soma da ciwon kai, da jiri, da tashin zuciya, mai barci kuwa zai iya mutuwa ba tare da ya farka ba.

Hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka, CDC, ta ce fiye da mutane 400 ne wannan iska ke hallakawa bisa tsautsayi a kowace shekara a ƙasar, ban da waɗanda gobara ta ritsa da su, yayin da fiye da 100,000 kan garzaya asibiti.

A watan Fabrairun 2021, lokacin da matsanancin sanyi ya katse wutar lantarki ga miliyoyin mutane a jihar Texas, hukumomin lafiya sun ce mutane 246 suka rasu, 19 daga cikinsu ta dalilin wannan iska. A birnin Houston, wata mata da wata yarinya sun rasu bayan da aka bar mota a kunne cikin garejin da ke manne da gidansu domin samun ɗumi.

Saboda haka ne hukumar ta CDC ke gargaɗin kada a bar mota a kunne cikin irin wannan gareji, ko da kuwa ƙofar a buɗe take, domin hayaƙin kan kutsa cikin gida ta ƙofar da ta haɗa su.

Abin da doka ta tanada

Haɗari na biyu shi ne gobara. Tururin fetur ya fi iska nauyi, don haka a ƙasa yake kwanciya. Wannan ne ya sa ƙa'idojin gini a sassa da dama na Amurka suka tanadi cewa duk na'urar da ke da harshen wuta ko tartsatsi a gareji, a ɗaga ta inci 18 daga ƙasa, wato kimanin santimita 45.

Bugu da ƙari, tun daga 2008 jihar Minnesota ta wajabta sa ƙararrawar da ke gano kabon monoksaid kusa da ɗakunan kwana a gidajen iyali. Lardin Ontario na Kanada ya yi makamanciyar dokar a 2014, kuma ta shafi duk gidan da ke da gareji manne da shi.

Ko da yake ƙasar Hausa ba ta san dusar ƙanƙara ba, iskar da ke kisa a garejin Amurka ita ce dai ke fitowa daga kaskon gawayin da ake shiga da shi ɗaki a rufe tagogi lokacin hunturu, da kuma janaretan da ake kwana da shi a soro don gudun ɓarayi. Shawarar hukumar ta CDC ita ce, a ajiye janareta a waje, aƙalla mita 6 daga ƙofa ko taga.