Tabon da ke fuskar wayarka, kai ka yi shi da hannunka

Duk wanda ya bi ta gefen babban masallacin Treichville a Abidjan bayan Azahar ya san abin da zan faɗa. 'Yan uwanmu masu sayar da turare, carbi, hula da dabino, kowa ya jingine wayarsa a kan tebur, sikirin a kunne, an ƙure haske, rana na dukanta. Wani lambar karɓar kuɗi ta Wave ya bari a buɗe don masu saye, wani jadawalin lokutan sallah, wani kuma WhatsApp ne tun hantsi har la'asar, ko kallonsa ba ya yi. Sannu a hankali sai inuwa ta zauna daram a fuskar wayar. Ka buɗe hoton ɗanka, ga shatin lambar nan a goshinsa. Ka kashe wayar ka kunna, tana nan. Daga nan sai mutum ya hau mota zuwa kasuwar Black Market a Adjamé, yana kumfar baki wai an sayar masa da jabu.

Malam, ba wanda ya cuce ka. Sikirin waya iri biyu ne. Na LCD fitila ce a bayansa take haska fuskar gaba ɗaya, shi ya sa ba kasafai yake yin tabo na dindindin ba. Na OLED kuwa, wanda Samsung ke kira AMOLED, kowane ɗigo shi ke ba da haskensa, kuma kowane ɗigo yana tsufa gwargwadon aikin da aka sa shi. Kamar dardumar sallah ce: inda goshi da gwiwa ke sauka kullum, nan ke fara koɗewa. Ɗigon shuɗi ya fi saurin gajiya, yawan haske da zafi kuma su ne ke gaggauta lalacewar. To ka haɗa hoto ɗaya da ba ya motsi, hasken da aka ƙure, da ranar Abidjan. Me kake jira ya faru?

Kamfanonin ma ba su ɓoye ba. A 2017, da Apple ya fito da iPhone X, wayarsa ta farko mai OLED, ya bayyana cewa irin wannan tabo na iya fitowa idan aka daɗe ana nuna hoto ɗaya da haske mai ƙarfi. A shekarar ne kuma koke-koke suka yi yawa a kan Pixel 2 XL, har Google ya ƙara garantinta zuwa shekara 2. Yanzu AMOLED ya shigo wayoyin da muka fi riƙewa, irin su Tecno Camon da Infinix Note. Muna alfahari da kyan kalarsa, amma muna riƙonsa kamar tocila.

Abin takaicin, rigakafin ba ya cin ko dala. Sa wayarka ta riƙa kashe fuskarta da kanta bayan daƙiƙa 30 ko minti 1. Bar haske a kan atomatik, ka daina ƙure shi. Idan lambar karɓar kuɗi ce damuwarka, nemi bugaggiya ta 'yan kasuwa ka manna a tebur. Takarda ba ta san zafin rana ba. Lokutan sallah kuwa, kana zaune a gindin masallaci, ladan na kira sau biyar, me ya kai ka barin waya a kunne? Apple da kansa ya ce kada zafin wurin da ake amfani da wayarsa ya wuce digiri 35, kai kuwa ka shanya taka a rana, ga caji a jone. Direbobin da ke manna waya a gilashin mota da taswira a buɗe wuni guda, ku ma da ku nake.

Mai zuwa Adjamé sayen waya ta hannu, kada hoton furanni mai duhu da aka sa a fuskar ya ruɗe ka. Koma inuwa, buɗe farin hoto ko mai ruwan toka ya cika sikirin, ka duba sama inda agogo da alamar batir suke, ka duba ƙasa wajen madannai. Idan akwai tabo, nan zai tona kansa.

Kuma kada ka ɓata data wajen sauko da manhajar da ke cewa tana goge tabo. Ɗigon da ya tsufa ba ya komawa yaro. Canjin sikirin ne kaɗai mafita, na asali kuma kan yi tsadar da mutum zai gwammace ya sayi wata wayar. Mai arahar da za a sa maka sau da yawa LCD ne: kala ta dushe, batir ya riƙa saurin ƙarewa, na'urar karanta yatsa da ke ƙarƙashin gilashi ta daina aiki. Ka tambayi mai gyara wane iri zai sa maka tun kafin ya kwance wayar, ba bayan ka biya ba.